Rajistar Aikin Ceto Makarantar Bakin Gona

6 ga Afrilu, 2024

Yau iyalin da ke noma gonar da ta kewaye makarantar suka miƙa wa kwamitinmu makulli. Ginin katako ne mai aji ɗaya tak, da ɗan zaure a gaba inda yara ke rataye rigunan sanyi. Yana tsaye a kusurwar da hanyoyin tsakuwa biyu suka gitta juna a gabashin jihar Ayowa ta Amurka. Duk inda ka juya gonakin masara ne da waken suya, ko gida ɗaya babu a kusa. Ni aka ɗora wa riƙe wannan rajista, da ɗaukar hoton duk abin da za a taɓa kafin a taɓa shi.

Ga yadda muka same ta. Guguwar nan ta 10 ga Agusta, 2020, wadda ta yi wa birnin Cedar Rapids da kewayensa kaca-kaca, ta ɗaye kwanon rufin gefen yamma. An shimfiɗa tamfol a lokacin, amma rana da iska sun riga sun cinye shi. Kusurwar arewa maso gabas ta nutse, har ƙofar zaure ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa. A bangon gabas akwai wata ƙatuwar ƙofa da aka yanka da zarto bayan an daina karatu, lokacin da ginin ya koma rumbun hatsi. Har yanzu ƙaiƙayi na cushe a tsakanin katakan ƙasa.

Wasu 'yan kwamiti sun so a fara da fenti, don masu wucewa su ga ana motsi su kawo gudummawa. Kafintanmu ya ce ruwa ke kashe ginin katako, ta sama da ta ƙasa, kuma duk dalar da aka zuba a fenti kafin a tsayar da yoyo an zubar da ita ne. Maganarsa aka ɗauka. Sabon tamfol ya hau kafin yamma.

20 ga Afrilu

Na wuni a ofishin ajiyar takardun filaye na gunduma. Takardar filin tana nan da rubutun hannu: eka ɗaya daga kusurwar gona, bisa sharaɗin cewa ranar da aka daina karatu a wurin, filin zai koma hannun mai gonar ko magadansa. Wannan sharaɗin ne ya mayar da makarantarmu hannun iyalin, kuma irinsa ne ya mayar da makarantu da yawa rumbuna, gareji da ɗakunan aladu.

Wurin da take zaune ma ba zaɓin wani ba ne, lissafi ne. Dokar awon filaye ta 1785 ta yanka ƙasashen yamma murabba'i-murabba'i, kowanne mil shida tsawo mil shida faɗi, shi ne tawunshif. Kowane tawunshif aka sake yanka shi kashi 36, kowane kashi eka 640, aka ware kashi na 16 don kuɗinsa ya tallafi makarantu. Ayowa ta zama jiha a 1846, kuma tsarin da ya kafu a karkararta shi ne makaranta ɗaya ga kowane kashi huɗu, wato makarantu tara a tawunshif, mil biyu tsakanin wannan da waccan. Ƙafar ɗan shekara shida aka auna, inda zai iya kaiwa da safe cikin sanyi ya komo da yamma. Idan gona ɗaya eka 160 ce, kamar yadda aka saba a lokacin, kashi huɗu gonaki goma sha shida ke nan, kuma gidaje goma sha shida masu yawan haihuwa sun ishi aji ɗaya cika. A wajajen 1900 Ayowa kaɗai tana da irin waɗannan makarantu sama da 12,000. A ƙasar baki ɗaya sun kusa 200,000 gab da 1920.

Lissafin da ya haife su shi ya kashe su. Da tarakta ta zo, mutum ɗaya ya iya noma abin da gidaje da yawa ke nomawa, gonaki suka haɗe, iyalai suka koma gari, yara suka yi ƙaranci.

11 ga Mayu

Taron yau an kai ruwa rana. Tambaya ɗaya ce, amma komai na rataye da ita: zuwa wace shekara za mu mayar da ginin? Makarantar da ta yi shekaru gommai tana aiki ba fuska ɗaya gare ta ba. Murhu ya canja, allo ya canja, fitilar kananzir ta ba wa lantarki wuri. Ko tuta ma sai an zaɓa, domin mai taurari 48 daga 1912 ta yi aiki zuwa 1959.

Wani ɓangare na so a shafa jan fenti a kuma ɗora 'yar hasumiyar ƙararrawa a kan rufi, wai haka mutane suka san makarantar ƙauye a hotuna da katunan gaisuwa. Na tofa albarkacin bakina, kuma ban ɓoye inda nake ba. Na kankare fenti a wurare daban-daban ƙarƙashin bakin rufi, inda rana ba ta cika bugu ba, kuma tun daga na sama har zuwa katako fari ne a kan fari. Jan ko ɗigo babu. A katakan rufi kuma babu wata alamar an taɓa kafa hasumiya. Yawancin makarantun katako na wannan yanki farare ne, har wadda mai zane Grant Wood ya zana, da aka buga a kwabon tunawa da jihar na 2004, fara ce. Idan muka shafa ja, mun gina makarantar da ba a taɓa yi ba, muka binne wadda aka yi a ƙarƙashinta.

An tashi ba a yanke shekarar ba, sai dai maganar ja ta mutu. Gwajin da aka yi wa ɓawon fentin ya nuna akwai dalma, abin da ba mamaki a ginin da ya girmi haramcin fenti mai dalma na 1978. Ke nan ba goga da inji, ba ƙonawa da wuta. Jiƙawa za a riƙa yi ana kankarewa a kan leda, da takunkumi, kuma ba yaron da zai shigo har a gama.

1 ga Yuni

Yau ginin ya yi magana da kansa. Tun farko abin ya ɗaure mini kai, tagogi shida jere manne da juna a bangon yamma, bangon gabas kuwa ko ɗaya babu. Da kafinta ya ɓanɓare ruɓaɓɓun katakan waje a gefen ƙofar rumbu, sai ga firam ɗin taga a ciki, an toshe shi da katako. Muka bi bangon da ƙwanƙwasa, muka sami na biyu. Na ukun, wanda ya kamata ya zauna a tsakiya, shi zarton mai gona ya cinye lokacin da ya yanka ƙofarsa.

Ƙusoshi suka ba da sauran labarin. Na firam ɗin asali yankakku ne masu kusurwa huɗu, irin waɗanda aka daina yayinsu a wajajen shekarun 1890. Na katakan toshiyar kuwa zagayayyun ƙusoshin waya ne irin na yau. Ke nan an gina ta da tagogi uku-uku a kowane gefe, daga baya wani ya rufe na gabas ya tara haske duka a yamma.

Dalilin sananne ne ga duk wanda ya bi tarihin waɗannan makarantu. A farkon ƙarni na 20 masu gyaran ilimi sun yi imani cewa hasken da ke shigowa ta gefe biyu yana lalata idon yara, kuma ya kamata ya zo ta kafaɗar hagu don kada inuwar hannun dama ta faɗa kan abin da ake rubutawa. Allon makarantarmu yana bangon arewa, yara na fuskantarsa, hagunsu yamma. Ya yi daidai. Bahago kuwa ba wanda ya yi lissafi da shi, da ma tilasta masa ake yi ya koma dama. A 1919 Ayowa ta yi dokar makarantu masu inganci, wadda ke ba da tallafin kuɗi da wani ƙaramin tambari na ƙarfe ga makarantar karkara da ta cika sharuɗɗa kan haske, ɗumi, iska, kayan aiki da takardar malami. Na hau tsani na duba saman ƙofar gaba. Akwai ramukan sukurori biyu, da wani wuri mai siffar ƙwai inda fenti bai kai kaurin na kewayensa ba. Tambarin ya tafi, wataƙila yana bangon falon wani, amma gurbinsa na nan.

Wannan ya sauya muhawarar taron da ya wuce. Masu son a koma shekarun farko dole su buɗe tagogin gabas, su rushe jeren na yamma, wato su goge babbar shaidar cewa manoman wannan kusurwa sun taɓa haɗa kuɗi don makarantarsu ta kai matsayin da jiha ke nema. Ni dai ban ga abin da za a samu da zai kai wannan asarar ba.

22 ga Yuni

An ɗaga kusurwar da ta nutse. Ba a yi gaggawa ba, jak huɗu aka sa, ana ƙara ɗan kaɗan kowace rana don kada filastan ciki ya tsage. Gungumen da bango ke zaune a kansa ya ruɓe har ana tura sukundireba ta shige. An yanke ruɓaɓɓen kawai aka haɗa sabon katakon itacen oak da tsohon, ba a cire duka ba.

Harsashin dutsen farar ƙasa ne da aka jera. A wani zamani an yi masa gyaran gangar Auzinawa da siminti, kuma duk inda simintin yake, dutsen ne ya farfashe. Birkilan ya nuna mini da hannunsa. Siminti ya fi wannan dutsen tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, sai ruwa ya maƙale a cikin dutse, hunturu ya zo ya daskare, ya fasa shi. Da kwaɓin farar ƙasa da yashi yake mayar da shi, irin na asali. A ƙarƙashin kusurwar kaɗai aka zuba sabon tushe, aka haƙa inci 42 don a wuce inda ƙanƙara ke kaiwa a ƙasar nan. An kuma gyara gangaren fili don ruwan sama ya riƙa gudu daga bango.

13 ga Yuli

Aikin rufi ya tsaya. Jemagu sun haihu a saman silin, kuma idan aka toshe hanyarsu yanzu 'ya'yan da ba su fara tashi ba za su mutu a ciki. Sai ƙarshen Agusta. Kashinsu ma ba a share shi da tsintsiya a bushe, ƙurarsa na iya jawo ciwon huhu.

17 ga Agusta

Mun gayyaci tsofaffin ɗalibai, muka kafa rumfa a waje tunda ciki bai shigu ba tukuna. Waɗanda suka zo duk sun haura saba'in. Na yi zaton kewa za a sha, sai ga shi ba haka ba.

Wata dattijuwa da ta yi aji ɗaya zuwa takwas a nan ta nemi a riƙe ta ta leƙa ta ƙofa. Ramukan sukurorin da ke katakan ƙasa ta bi da sandarta, ta nuna mana layin tebura, ƙanana a gaba, manya a baya. Ta nuna inda dogon bencin bita yake a gaban teburin malama. Malama ɗaya, aji takwas, darussa barkatai a wuni, don haka kowane aji 'yan mintoci yake samu. A kira 'yan aji uku su fito benci su karanta, sauran na zaune da aikinsu, kunnensu kuwa na jin komai. Ta ce kafin ta kai aji biyar ta riga ta ji darasin aji biyar shekara huɗu a jere, kuma rabin karatun da ta iya wata yarinya 'yar aji bakwai ce ta koya mata. Daga nan ta juya ga shugaban kwamiti ta ce, "Kada ku gaya wa yara wai daɗi muka sha. Na kusa da murhu gumi yake, na kusa da taga tawadarsa daskarewa take."

Wani dattijo ya ƙara da aikin malama, wanda ba ya cikin littafi. Ita ke riga kowa zuwa ta hura murhu da totuwar masara kafin ta zuba kwal, ita ke shara, manyan yara su ɗebo ruwa daga gonar maƙwabta. Sau da yawa budurwa ce da ba ta fi manyan ɗalibanta da shekaru masu yawa ba, tana zaune a gidan ɗaya daga cikin iyayen yara, kuma a wurare da dama aure na nufin ƙarshen aikinta. Abin da duk suka tuna da faɗuwar gaba shi ne jarrabawar aji takwas, da ake zuwa hedikwatar gunduma a rubuta, wadda sai ka ci ta za ka wuce sakandare.

Kan rufe makarantar bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce ranar da bas ya fara kwasar yara zuwa gari unguwar ta mutu, domin a nan ake zaɓe, a nan ake wasan Kirsimeti, a nan ake taron manoma. Dattijuwar nan ta ce ita murna ta yi wa ƙannenta, sun sami ɗakin gwaje-gwaje da banɗaki na cikin gida. Doka ce dai ta rufe babin. Majalisar jiha ta wajabta kowane yanki ya shiga gundumar ilimi mai aji goma sha biyu zuwa 1966, kuma a 1967 makarantun gwamnati masu aji ɗaya sun ƙare a Ayowa. Waɗanda suka ƙi su ne 'yan Amish, wata ɗariƙar Kiristoci manoma masu gudun kayan zamani. A Nuwamban 1965, kusa da Hazleton, jami'ai suka je kwashe yaransu zuwa makarantar gari, yaran suka ruga cikin gonar masara, hoton ya zagaya ƙasar. A 1967 jiha ta yi musu sassauci, a 1972 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Amish 'yancin tsayar da karatun yaransu a aji takwas. Har yau suna karatu a makarantu masu ɗaki ɗaya, ba nisa da nan.

Duk hirar na naɗa, da izininsu.

14 ga Satumba

Jemagu sun fita, an toshe kafofin, an kafa musu akwati a kan sanda a bakin fili. Da aka cire kwano sai ga ragowar fale-falen itacen sida a ƙarƙashi, rufin asali ke nan. Sida muka so mayarwa, amma kuɗinsa da na kula da shi sun fi ƙarfin asusunmu, kuma kwamitin 'yan sa kai ba shi da tabbacin wanda zai hau rufi nan da shekara ashirin. Aka yi sulhu. An gyara katakan da suka ruɓe, an ɗora rufin ƙarfe mai launin toka, an ajiye daurin tsofaffin fale-falen da lamba da hoto. Raina bai so ba, amma rufi abu ne da na baya za su iya sauyawa ba tare da an yi asarar komai ba, yoyo kuwa abin da ya ci ya ci.

Bututun hayaƙi an sauke shi zuwa silin aka sake ginawa da bulonsa.

12 ga Oktoba

Allon dutse ne, falle huɗu, ɗaya ya tsage. Da aka sauke shi don a gyara filastan baya, sai muka tarar da allon da ya riga shi: katakan bango ne kawai aka shafa wa baƙin fenti. A kansa akwai lissafin raba lamba da alli, rabi an goge, da layuka biyar na koyon waƙa da aka ja da farin fenti. Wanda ya ɗora allon dutse bai damu ya share ba. Ba mu taɓa shi ba. Mun ɗauki hoto da fitila a karkace don rubutun ya fito, kuma falle ɗaya za a mayar da shi a kan hinji, mai ziyara ya buɗe ya ga na ƙarƙashi.

Taron yamma ya yanke abubuwa biyu. Na farko, shekarar: za a shirya cikin ajin kamar tsakiyar shekarun 1930, bayan gyaran tagogi, kafin lantarki. A lokacin gona ɗaya cikin goma ce ke da wuta a Amurka, sai bayan dokar kai lantarki karkara ta 1936 wayoyi suka fara bin waɗannan hanyoyi. Ke nan murhun kwal, fitilun kananzir a bango, tuta mai taurari 48. Wayoyin da aka ja daga baya ba za a tumɓuke su ba, za a kashe su a bar su a wurinsu.

Na biyu ya fi zafi. An kawo tayin a ɗauke ginin kacokan a kan tirela a kai shi filin baje kolin gunduma, inda akwai masu gadi da jama'a. Tayin ba na banza ba ne, makarantu da yawa ta haka suka tsira daga ɓarayi da gobara. Amma rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1966 ta kafa, ba ta cika karɓar ginin da aka raba da wurinsa ba, kuma muna shirin nema. Ban da wannan ma, a filin baje koli ba wanda zai gane mil biyun nan. A nan, yaro ya tsaya a bakin ƙofa ya hangi inda hanya ta ɓace, an gama yi masa bayani. Da ƙaramin rinjaye aka ƙi tayin. Iyalin sun yarda su mallaka wa kwamiti ekar a rubuce.

Saura ƙofar rumbu. Yawanci na so a toshe ta a shafe kamar ba a taɓa yi ba. Na nemi a toshe, amma a bar layin zarton yana ganuwa daga ciki, tunda shekarun da ginin ya yi yana ajiye hatsi su ne suka hana a rushe shi. Ba a yanke ba.

9 ga Nuwamba

An rufe aiki saboda hunturu. Tagogin yamma an cire su an kai shagon kafinta, inda za a kankare tsohon poti, wato kwaɓin da ke riƙe gilashi a jikin katako, a sa sabo na man linsid, kuma duk gilashin da ke da 'yar igiyar ruwa a jikinsa, alamar tsohon yi, za a mayar da shi ramin da ya fito. An rufe gurabensu da katako, an bar 'yan kafofi masu raga don iska ta riƙa ratsawa. Bangon kudu da na yamma sun sha fentin share fage, fari, sauran biyun sai bazara.

Daftarin takardar neman shiga rajista ya tafi ofishin adana tarihi na jiha a Des Moines, muna jiran gyararrakinsu. Wani manomi ya aiko cewa akwai tebura irin na makaranta a saman rumbunsa. Kafin mu karɓa zan je da awon tazarar ramukan sukurorin da ke ƙasan ajinmu, in gwada da ƙafafunsu. Maganar ƙofar rumbu an ɗage ta zuwa taron Janairu.